Ɗa Ne Ko Bara? Abin da Kirista Yake Nufi Idan Ya Kira Allah Uba

Duk mai jin Hausa ya san kalmar 'yanci, amma ba kowa ne ya taɓa tsayawa ya tambayi inda ta samo asali ba. Daga ɗa ta fito. A bakin mutanen dā, idan aka ce wane ɗa ne, an faɗi abu biyu a numfashi ɗaya: yana da uba, kuma ba wanda ya mallake shi. Kishiyar ɗa ita ce bawa. Shi ya sa ake cewa an 'yanta mutum, wato an mai da shi ɗa, halin da ya shiga kuma a kira shi ɗiyanci ko 'yanci. Harshenmu ya riga ya yi mana rabin aikin fahimtar wata koyarwa da take tsakiyar bangaskiyar Kirista, wadda duk da haka ba a cika jin wa'azi a kanta ba. Manzo Bulus ya dunƙule ta a Galatiyawa 4:7, inda ya ce wa mai bi shi ba bawa ba ne kuma, ɗa ne, tun da yake ɗa ne kuwa, to, magaji ne.

Sai an fara kawar da wani dutse daga hanya. Mutane da yawa da zarar sun ji an ce "'ya'yan Allah", hankalinsu sai ya tafi ga aure da ciki da haihuwa, sai su toshe kunne. Sun yi daidai da suka ƙi wannan tunanin, domin Kirista ma bai yarda da shi ba. Yohanna 1:12 ya ce waɗanda suka karɓi Almasihu an ba su ikon zama 'ya'yan Allah, aya ta gaba kuma nan take ta rufe ƙofar rashin fahimta: ba ta hanyar jini ba, ba ta sha'awar jiki ba, ba kuma da nufin mutum ba. Magana ce ta matsayi da dangantaka, wadda Allah da kansa ya ƙulla.

Ikkilisiya kuma ba ta taɓa ɗora Yesu da masu binsa a kan sikeli ɗaya ba. Majalisar Nikiya, babban taron shugabannin Ikkilisiya na shekarar 325, ta tsaya a kan cewa shi Ɗa ne tun fil azal, ba halitta ba ne. Katekizim na Haidelbag, littafin koyar da bangaskiya ta hanyar tambaya da amsa wanda aka buga a 1563, ya yi tambayar kai tsaye a lamba ta 33: me ya sa ake ce masa makaɗaicin Ɗa alhali mu ma 'ya'ya ne? Amsar ita ce shi kaɗai ne Ɗa bisa ga ainihinsa, mu kuwa an karɓe mu ne ta wurin alheri saboda shi. An taɓa samun masu koyar da cewa Yesu ma karɓarsa aka yi, har wani bishop na birnin Toledo a Sifen mai suna Elifandus ya riƙa faɗar haka game da mutuntakar Almasihu, amma majalisar da ta zauna a Faranfot a 794 ta yi watsi da koyarwar. Dalilin a fili yake. Idan shi ma baƙo ne da aka shigo da shi, ba shi da hurumin buɗe wa wani baƙo ƙofa.

To, wace kalma Bulus ya yi amfani da ita? A Helenanci ita ce huiyotesiya, ma'anarta a tsayar da mutum a matsayin ɗa. Sau biyar kacal ta fito a Sabon Alkawari, duka a wasiƙun da ke ɗauke da sunan Bulus: sau uku a Romawa (8:15, 8:23 da 9:4), sau ɗaya a Galatiyawa 4:5, sau ɗaya a Afisawa 1:5. Fassara ta da "riƙo" yakan rage mata nauyi, domin riƙo yana iya ƙarewa, wanda aka riƙa kuma yana nan da sunan gidansu. Abin da Bulus yake nufi ba ya ƙarewa, yana kuma sauya suna da gida da gādo gaba ɗaya.

Mutanen da suka fara karanta waɗannan wasiƙun sun san abin sarai, domin suna ƙarƙashin dokar Roma. A wannan doka uba yana da cikakken iko a kan 'ya'yansa muddin yana raye. Ɗa ko ya yi furfura, a idon shari'a ba shi da dukiyar kansa sai uban ya rasu ko ya sake shi. Saboda haka fitar da mutum daga hannun wani uba zuwa na wani ba ƙaramin aiki ba ne. Akan tara shaidu biyar da wani mai riƙe da ma'auni, uban ya yi kamar ya sayar da ɗansa, a maimaita wannan ciniki na alama har sau uku. A na ukun ikon uban ya yanke. Daga nan sai a je gaban alƙali, sabon uban ya ce wannan ɗana ne, tsohon uban ya yi shiru, alƙali ya tabbatar. Daga ranar mutumin ya ɗauki sunan sabon gida, ya bar gādon tsohon gidan, ya zama magaji a sabon kamar wanda aka haifa a ciki.

Kuma ba jarirai marayu aka fi ɗauka ba. Manyan Roma sukan nemi saurayi ko magidanci wanda suka ga ya cancanta ya riƙe sunan gida. Yuliyus Kaisar ya ɗauki Oktabiyan a cikin wasiyyarsa, aka bayyana bayan kashe shi a shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu, lokacin yaron yana da shekara 18. Shi ne ya zama Kaisar Augustas da Luka ya ambata a labarin haihuwar Yesu. Augustas shi ma ya ɗauki Tibariyas a shekara ta 4 bayan haihuwar Almasihu, mutumin ya riga ya haura arba'in. Kaisar Kalaudiyas ya ɗauki Nero a shekara ta 50, Nero ya hau gadon sarauta a 54. Bulus ya rubuta wa Romawa wajajen shekara ta 57. Wato sa'ad da aka karanta wasiƙar a birnin, wanda yake kan karagar mulki ɗan karɓa ne, kowa kuma ya san cewa karɓar ce ta kai shi can. A kunnen waɗannan mutane, ɗan da aka karɓa ba ɗan kunya ba ne ko mai rabin matsayi. Zaɓaɓɓe ne.

Amma inda misalin ya karye ya fi inda ya dace koyarwa. Baroma yakan ɗauki ɗa ne saboda buƙata, ba shi da magaji ko kuwa wanda yake da shi bai isa ba. Allah yana da Ɗa wanda ya ce yana jin daɗinsa ƙwarai, ba gurbi yake neman cikewa ba. Afisawa 1:5 ta ce ya yi haka ne bisa ga jin daɗin nufinsa. Baroma yakan tace, ya zaɓi mafi nagarta. Bulus ya ce an sulhunta mu ne tun muna abokan gāba (Romawa 5:10). Sannan ga labarin Nero kansa. Kalaudiyas yana da ɗa na cikinsa, Biritanikus, amma ɗan karɓa ya sha gabansa, a shekara ta 55 kuma yaron ya mutu, marubutan tarihin Roma suka ce Nero ne ya sa aka ba shi guba. A fadar Roma shigowar baƙo ta ci ran ɗan gida ba da sonsa ba. A bishara Ɗan gida ne da kansa ya ba da ransa domin baƙi su shigo, Ibraniyawa 2:11 kuma ta ce ba ya jin kunyar kiransu 'yan'uwa. Duk lokacin da na zo kan wannan ayar sai na dakata, domin na san irin mutanen da ake magana a kansu, ina cikinsu.

Akwai masana da suke ganin ba daga kotun Roma Bulus ya ɗauko tunanin ba, daga Tsohon Alkawari ne. Suna da hujja. Shari'ar Musa ba ta da dokar ɗaukar ɗa, amma akwai 'yar Fir'auna da ta mai da Musa ɗanta, akwai Mordekai da ya ɗauki Esta, akwai Yakubu da ya ce jikokinsa Ifraimu da Manassa nasa ne kamar 'ya'yansa Ra'ubainu da Saminu. Fiye da duka, a Fitowa 4:22 Allah ya aika wa Fir'auna cewa Isra'ila ɗan farinsa ne, a sake shi. Dubi inda aka fara faɗar maganar: a kan bayi masu yin tubali. A ganina ba sai an zaɓi ɗaya ba. Bulus Bayahude ne masanin Attaura, kuma yana da 'yancin zama ɗan ƙasar Roma. Labarin na Fitowa ne, kalmar kuwa ta ɗakin shari'a ce.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Yawancinmu mun tsaya ne a gafara. Mun san an yafe mana zunubi, an kuɓutar da mu daga hukunci, wannan kuwa gaskiya ne, shi ne harsashi. Sai dai alƙalin da ya sallami mai laifi ba dole ne ya kai shi gidansa ba. Yana iya cewa tashi ka tafi, kada in ƙara ganinka. Galatiyawa 4:4-5 ta jera abu biyu, ta sa ɗaya ya zama dalilin ɗayan: Allah ya aiko Ɗansa domin ya fanshi waɗanda suke ƙarƙashin Shari'a, domin mu sami matsayin 'ya'ya. Fansa hanya ce, gida ne wurin zuwa. Masu rubuta Shaidar Bangaskiya ta Wesminista a 1646 sun gane haka, suka ware wa ɗiyanci babi na kansa, na 12, dab da babin barata, wato yadda Allah yake karɓar mai zunubi a matsayin mai adalci. Majalisar Tirent ta Katolika ma a 1547 ta bayyana barata a matsayin ƙaura zuwa halin alheri da na zama 'ya'yan Allah. Ɓangarorin sun sha bamban a kan yadda baftisma da bangaskiya suke aiki a cikin wannan, Katolika da Otodoks suna ɗaura shi sosai ga ruwan baftisma, yawancin Furotesta kuma ga bangaskiya, amma ba su saɓa a kan inda aka nufa ba.

Mutum yana iya zama ɗa a takarda, bara a zuciya. Ba inda aka nuna haka kamar misalin da Yesu ya ba da a Luka 15, na wani uba mai 'ya'ya maza biyu. Yaran nan biyu haifaffun gida ne, ba karɓarsu aka yi ba, amma ciwon da ke damunsu shi ne namu. Ƙaramin, bayan ya cinye rabonsa ya koma kiwon aladu, ya shirya jawabin da zai yi, ya haddace shi a hanya. Kashi uku ne: na yi zunubi, ban isa a ƙara kirana ɗanka ba, ka mai da ni kamar ɗaya daga cikin barorinka. Dabara ce mai kama da tawali'u. Zai yi aiki, a biya shi, ya riƙa rage bashi. Tun yana nesa uban ya hango shi, ya sheƙa a guje, ya rungume shi. Yaron ya fara jawabi, ya faɗi na farko, ya faɗi na biyu. Na ukun bai fito ba. Uban ya riga ya juya ga bayi yana cewa maza a kawo riga mafi kyau, a sa masa zobe a hannu, takalmi a ƙafa. Ya saurari tubansa, amma bai ba shi damar neman aiki ba.

Babban wan kuwa bai taɓa barin gida ba, shi ne ma ya fi ba ni tsoro. Da ya ji kiɗa ya ƙi shiga. Da uban ya fito yana lallashinsa, sai abin da ke cikinsa ya fito: shekara da shekaru ina yi maka bauta, ban taɓa ƙetare umarninka ba, ko ɗan akuya ba ka taɓa ba ni ba. Kalmar da ya yi amfani da ita ta aikin bawa ce. Duk tsawon shekarun nan yana kwana a ɗakin ɗa yana lissafin ɗan ƙodago. Bai ma iya cewa ƙanena ba, sai ya ce ɗan nan naka. Uban ya amsa masa da "ɗana", ya ce duk abin da nake da shi naka ne, sannan ya mai da masa kalmar: ɗan'uwan nan naka.

Ni kaina na yi shekaru a haka. Ranar da na yi addu'ar safe na karanta Littafi, sai in ji ina da bakin roƙo. Ranar da na fāɗi, sai in yi kwana biyu ina kewaye-kewaye kafin in iya durƙusawa, kamar ma'aikacin da ya yi ɓarna yana jiran fushin maigida ya huce. Ban san ina cikin babban ayari ba sai da na karanta tarihin Jon Wesli. Limami ne a Ikkilisiyar Ingila, mai azumi sau biyu a mako, mai ziyartar fursunoni tun yana Okasfod, har ya ƙetare teku zuwa Jojiya a Amurka a 1735 don aikin bishara. Ya dawo da zuciya a karye. A daren 24 ga Mayu 1738, a wani taro a titin Aldasget na Landan, ana karanta gabatarwar Matin Luta ga wasiƙar Romawa, ya sami tabbacin cewa nasa zunuban ma an ɗauke. Daga baya da ya waiwayi shekarun farko, ya ce a lokacin yana da bangaskiyar bara ne, ba ta ɗa ba. Bai daina azumi ko wa'azi ba bayan wannan dare, ƙaruwa ma aikin ya yi. Dalilin yin aikin ne ya sauya.

Alamar da Bulus ya ba da ta wannan sauyi kalma ɗaya ce, Abba. Da harshen Aramiya take, harshen da Yesu ya yi magana da shi, haka 'ya'ya suke kiran mahaifinsu a gida. Wasu masu wa'azi sukan ce gwarancin jariri ne, amma manya ma da ita suke kira, akwai kusanci a ciki akwai kuma girmamawa. Mai jin Hausa ba ya buƙatar dogon bayani a nan, kalmar tana bakin 'ya'yanmu. Sau uku ta fito a Sabon Alkawari. Biyu a bakin masu bi, a Romawa 8:15 da Galatiyawa 4:6, inda Ruhu Mai Tsarki ne yake sa su kira. Abin lura, ikkilisiyoyin nan Helenanci suke ji, amma suka riƙe kalmar yadda take ba su sauya ta ba, domin daga bakin Ubangijinsu suka gāje ta.

Na ukun, wanda shi ne asali, yana Markus 14:36, a lambun Getsamani, a daren da aka kama Yesu. Yesu ya fāɗi ƙasa yana cewa Abba, Uba, kome mai yiwuwa ne a gare ka, ka ɗauke mini ƙoƙon nan, amma ba nufina ba sai naka. Ba a ɗauke ƙoƙon ba, wato wahalar gicciye da take gabansa. Wannan kaɗai ya isa ya rushe wa'azin da ake yawan ji yanzu, cewa ɗan Sarki ba ya ciwo, ba ya rashi, duk abin da ya furta sai ya samu. Ina faɗar haka da nauyin zuciya, domin na ga masu bi na gaske da aka sa suka fara shakkar matsayinsu saboda cuta ta ƙi warkewa. Romawa 8:17 da ta ce mu magada ne tare da Almasihu, ita ce ta ƙara da cewa in dai muna shan wuya tare da shi. Ibraniyawa 12 ta ce wanda ba a yi masa horo shi ne ya kamata a tambayi ko ɗa ne. Kada kuma a juya wannan a ce kowace masifa bulala ce, littafin Ayuba ya hana mu. Abin da ake nufi shi ne wahala ba takardar kora ba ce.

Akwai kuma waɗanda kalmar uba kanta take yi musu ɗaci, domin wanda suka sani da wannan suna ya yi watsi da su ko ya zalunce su. Ba a gaggauta wa irin waɗannan. Zabura 27:10 ta san da su, ta ce ko mahaifi da mahaifiya sun yashe ni, Ubangiji zai ɗauke ni. Ba a auna Allah da uban da ya gaza. Shi wannan uban ne za a auna da Allah.

Wani zai ce, ashe ba dukan mutane ne 'ya'yan Allah ba? Ta fuskar halitta, Bulus da kansa ya gaya wa mutanen Atina cewa mu zuriyarsa ne (Ayyukan Manzanni 17:28), saboda haka ba ɗan Adam ɗin da ya halatta a wulaƙanta. Ɗiyancin da muke magana a kai kuwa kyauta ce da ake karɓa ta wurin bangaskiya ga Almasihu. Tun da kyauta ce, ba ta bar wa kowa abin taƙama ba. Ta kuma zo da 'yan'uwan da ba mu muka zaɓa ba. Galatiyawa 3:28 ta ce ba Bayahude ko Bahelene, ba bawa ko ɗa, ba namiji ko mace. A taron da aka fara karanta wannan akwai bayi na gaske da mata, waɗanda ba wani babban mutumin Roma da zai yi tunanin ɗaukarsu su riƙe sunan gidansa, aka ce musu duk matsayin magaji nasu ne. Addu'ar da Yesu ya koyar ma da "Ubanmu" ta fara, ba mai iya yin ta da gaske yana ƙyamar na kusa da shi saboda ƙabila.

Abin bai kammala ba tukuna. Babi ɗaya ne, wato Romawa 8, ya ce mun karɓi Ruhun ɗiyanci a aya ta 15, ya kuma ce a aya ta 23 muna nishi muna jiran ɗiyancin, wato fansar jikinmu. An riga an yanke shari'ar, suna ya sauya, amma jikin nan yana tsufa yana ciwo, tsohon hali kuma yana leƙowa. Wasiƙar Yohanna ta fari 3:2 ta faɗe shi ba ɓoye-ɓoye: yanzu mu 'ya'yan Allah ne, abin da za mu zama kuwa bai bayyana ba tukuna.

A Bisharar Yohanna, Yesu ya kira mutanensa almajirai, a daren ƙarshe ya ce ba zai ƙara ce musu bayi ba, abokai ne. Bai ce musu 'yan'uwa ba sai da safiyar tashinsa. Maryamu Magadaliya tana kuka a bakin kabari, ta zaci mai lambu ne, sai da ya kira sunanta. Ya aike ta ya ce, je ki wurin 'yan'uwana ki gaya musu zan hau wurin Ubana kuma Ubanku, Allahna kuma Allahnku. Mutanen da aka aika mata wurinsu su ne waɗanda suka watse a daren da aka kama shi. Ɗayansu ya yi musun saninsa har sau uku a bakin wuta. Har magaribar wannan ranar suna cikin ɗaki, sun kulle ƙofofi don tsoro.